Dusar Ƙanƙara Ba Rairayi Ba Ce

Assalamu alaikum, Ummi.

Idan takardar nan ta zo hannunki, to kin sauka ke nan, kin kuma buɗe babban akwatin. Ina fatan kin isa lafiya, kayanki sun cika, sanyin garin kuma bai tarbe ki da mugunta ba tun daga ƙofar jirgi. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa albarka a aikin da ya kai ki.

Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa miki, don haka al'ada ta hana ni kama sunanki ta fuska biyu, ta kuma hana ni nuna ina ji da ke a gaban mutane. Shekara ashirin da shida ina kiyaye wannan, ba don na yarda da shi sosai ba, sai don ya dace da halina. A takarda babu mutane, to bari in faɗa sau ɗaya: ina alfahari da ke. Yarinyar da ta taso a ɗaki biyu da falo a Bur Dubai, wadda take haddace darasi a cikin kwalekwalen abra muna tsallake ruwa, yau asibiti a Kanada ya aiko a kai masa ita ta riƙe masa ɗakin magani. Na gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da teburina a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, har da wani direban kontena da sa hannu kawai ya kawo shi.

Ba zan cika ki da nasihar salla da ta samari ba. Kakarki ta yi wannan ta waya har sau uku, Abbanki kuma ya biyo da sharhi. Ni maganar mota zan yi, domin a nan ne na san na bar miki gadon da zai iya cutar da ke.

Ranar Asabar da muka fita rairayin hanyar Hatta don yi miki ban kwana, ke kike tuƙi. Muna barin kwalta kika tsaya, kika zagaya tayoyi huɗu kika rage musu iska, kika dawo kika danne maɓallin nan mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa har fitilarsa ta kama. Duk kin yi wannan ba ki katse labarin da kike ba mu ba. Hannunki ne ya yi aikin, kanki bai ma sani ba. Daga nan kika haye tudun nan da maza ke taruwa a gindinsa suna shawara, kika sauka ta bayansa ko shayin Abbanki bai zube ba. Na ji daɗi. Ni na koya miki.

Sai Abbanki ya ce, "To direba, can fa ba rairayi za ki tarar ba."

Kika ce, "Haba Abba, dusar ƙanƙara ai rairayi ce mai sanyi. Jif zan saya, shi ke nan. Kuma 'yar wa ce ni? Ka manta Jojiya?"

Ya waiwayo ya dube ni a kujerar baya. Ni kuma na shagala da murfin fulas, wanda yake a rufe tun daga gida.

Bai manta Jojiya ba, ni ma haka. Ke ce ba ki san abin da ya faru a can ba, ko da yake kina cikin motar. Labarin da kika sani shi ne mota ta ƙwace a kan dutse, Mama ta riƙe sitiyari cikin natsuwa, ta kauce wa kwari, ta kai mu cikin tarin dusar ƙanƙara, muka tsira. Kin rubuta shi a makaranta, malamar ta manna miki tauraro, takardar ta shekara a jikin firij. Ga yadda aka yi a zahiri.

Lokacin na shekara shida ina shiga rairayi. Na zo garin nan da digiri biyu da lasin da ban taɓa gwada shi a kan abin da ya fi gadar sama tsayi ba. Abokan aiki suka fitar da ni hamada, ran farko na binne motar har ciki, suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Ban iya jure dariya ba, kin sani. Kafin shekara ta zagayo ni nake jan ayari. Dokokin rairayi uku na haddace kamar karatun allo: a rage iskar taya don ta baje ta daina nutsewa, a kashe maɓallin da ke hana taya sulɓi don a rairayi ana buƙatar ta yi ta juyawa, kuma idan mota ta fara shakka a ba ta totur. A rairayi duka ukun gaskiya ne. Kuskurena shi ne na ɗauka gaskiya ce a ko'ina.

Kina da shekara tara kika kafe sai kin taɓa dusar ƙanƙara ta Allah, ba irin wadda ake biyan kuɗin shiga a gani a cikin kanti ba. Muka tafi ƙasar Jojiya a hutun sanyi. A wurin hayar mota mutumin ya nuna mana biyu. Ɗaya ƙarama ce, tsohuwa, launin kunun gyaɗa, amma da tayoyin sanyi. Ɗayar baƙar jif ce mai ƙirji, sabuwa, da tayoyinta na kullum, domin ba a riga an canza mata ba. Ya ce idan dutse za mu hau, ƙaramar ta fi. Na tambaye shi ko jif ɗin tana da fowil, wato ko injinta yana tura tayoyi huɗu. Ya ce tana da shi. Na ce, "Khalas, shi ke nan," na miƙa hannu a ba ni makulli. Ya dubi Abbanki, Abbanki ya dubi rufin ɗaki.

Wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi ya haifi sauran. Taya ce kaɗai take taɓa ƙasa, Ummi. Duk sauran motar a kanta take zaune. Robar tayar da muka saba da ita takan sandare idan sanyi ya yi tsanani, ta koma kamar gindin bokiti. Tayar sanyi robarta ba ta sandarewa, kuma jikinta duk ƙananan tsagu ne da ke kama ƙanƙara. Za ki gane ta da hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a cikinsa. Ki sa su duka huɗu, ba biyu ba, kuma kafin dusar farko ta sauka, ba bayan ta ba ki tsoro ba. Idan mai sayar da mota ya fara yi miki waƙar fowil, ki bar shi ya kai ƙarshe, ladabi ne, sannan ki tambaye shi taya.

Washegari da safe kuna cin burodi da cuku a masauki, na fita ni kaɗai wurin motar. Na fito da abin rage iska na tagulla, wanda na ɗauko tun daga Dubai a jakar hannu kamar wata tsaraba, na sassauta tayoyin nan huɗu. Na buɗe gaban motar na ga ruwan wanke gilashi ya yi ƙasa, na cika shi da ruwan gora, yadda muke yi a nan. Na tayar da mota na kashe maɓallin. Na dawo na zauna na sha shayi da fuskar wadda ta gama shirya wa iyalinta komai.

Ba mu yi nisa ba gilashi ya fara hazo daga ciki. Mutum uku muna numfashi, takalmanmu a jiƙe. Na kashe esi tun farko, domin wane mai hankali zai kunna esi ana wannan sanyi? Maɓallin da ke juya iskar cikin mota kuwa yana kunne, kamar yadda yake kunne a motarmu ta nan tun ranar da aka saye ta, saboda zafi da ƙura. Abbanki ya cire hularsa, wadda ya ɗinka don bikin ƙanensa, yana goge mini gilashi da ita, yana buɗe mini 'yar taga daidai faɗin fuska. Wata babbar mota ta wuce ta watsa mana taɓo. Na ja waifa, ruwan gorata ya fito, ya baje, ya daskare nan take. Muka tsaya a gefen hanya ina kankare gilashi da katin shiga ofis.

A nan esi sanyi muka san shi da shi, amma aikinsa na biyu shi ne busar da iska. Idan gilashi ya yi hazo, ki danna maɓallin da ke hura wa gilashin gaba, ki bar esi ya yi aiki tare da hita, ki kashe mai juya iskar ciki don ta waje ta shigo. Gilashin baya da madubai suna da nasu wayoyin ɗumi, ki kunna su. Ruwan waifa kuma ki sayi na sanyi wanda ba ya daskarewa, ki ajiye ƙarin galan a but, domin gishirin da suke zubawa a titi yana rufe gilashi fiye da ƙurar Jebel Ali. Kada ki zuba wa daskararren gilashi ruwan zafi. Wannan kam ban yi ba, amma don babu buta a kusa ne.

Hawan dutsen ya yi daɗi, kuma shi ne ya ƙarasa ruɗa ni. Jif ɗin tana hawa kamar akuya. Muka wuce ƙananan motoci suna tafiyar hawainiya, ni ina duban direbobinsu da tausayi. A lokacin ne na faɗi maganar. Na ce wa Abbanki, "Ka gani ko? Rairayi ce kawai mai sanyi." Ban san kina saurare ba. Ashe kin ajiye ta shekara goma sha bakwai, kika dawo mini da ita ranar Asabar ko ƙura ba ta yi ba.

Wani abu kuma: duk lokacin da aka kashe motar aka sake tayarwa, takan mayar da maɓallin nan da kanta. Mun tsaya sau uku a ranar. Sau uku motar ta gyara kuskurena, sau uku na sa yatsa na maido shi.

Bayan azahar muka fara saukowa. Kin gaji da wasa, kumatunki sun yi ja, kina baya kina cin dabino. Akwai wata kwana da dutse ya yi wa inuwa, kwaltar wurin baƙa ƙirin, tana ƙyalli kamar an wanke ta. Na ɗauka ruwa ne. Ƙanƙara ce. Na shiga da gudun da ya fi ƙarfin wurin, na taka birki, sai birkin ya fara karkarwa a ƙarƙashin ƙafata yana ƙara kamar injin markaɗe. Na ce wani abu ya karye, na ɗaga ƙafa. Mota ta ci gaba da sulɓewa. Daga nan ƙafata ta yi abin da na shekara shida ina koya mata: ta ba da totur. Bayan motar ya zagayo gaba. Na ga dutse, na ga kwari, na sake ganin dutse.

Ban riƙe komai cikin natsuwa ba, Ummi. Rufe ido na yi ina salati. Motar ce ta tafi inda ta ga dama, Allah Ya sa ta zaɓi ɓangaren dutse, ta cusa hancinta cikin tarin dusar da motar share titi ta ture gefe. Ɗaya ɓangaren ban taɓa gaya wa kowa zurfinsa ba, kuma ba yau zan fara ba.

Sai muryarki daga baya: "Mama, sake yi."

Muna tsaye a gefen hanya muna jiran taimako, sai ga wata ƙaramar mota, irin wadda na raina sak, ta sauko ta wannan kwana a hankali. Wata tsohuwa ce a ciki da ɗankwali, da buhu ɗaure a saman motar. Ta tsaya ta ga ba wanda ya ji ciwo, ta yi mana alamar za ta turo wani, ta wuce. Ko santsi ɗaya ba ta yi ba. Na daɗe ina kallon bayan motar nan.

Wanda ta turo wani dattijo ne mai tarakta. Ya ja mu ya fitar. Sannan ya zagaya motar, ya taka taya ɗaya da takalmi ya ji ta yi laushi, ya leƙa ciki ya ga fitilar maɓallin tana ci. Ya juya kan Abbanki, domin a ganinsa wannan irin wauta sai namiji, ya yi masa faɗa mai tsawo da yarensu, yana nuna taya, yana nuna fitila, yana nuna ki. Abbanki bai ji kalma ɗaya ba, amma ya gane komai. Ya tsaya da jiƙaƙƙiyar hularsa a hannu yana gyaɗa kai, ya karɓi faɗan nan duka. Ni ina gefe ina gyara miki maɗaurin wuya.

Da muka sauka gari muna cin abinci kika tambaya me ya faru. Kafin in buɗe baki ya ce, "Mamanki ce ta cece mu." Daga baya na tambaye shi dalili. Ya ce, "Mako mai zuwa ke za ki riƙa kai ta makaranta. Ina so ta shiga motarki ba tare da tsoro ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma ni ban iya tuƙin dutse ba. Idan na ɓata miki rai, wa zai kai mu filin jirgi?" Tun daga ranar bai sake tayar da maganar ba, ko a faɗan da muka yi kan abubuwan da ba su kai wannan ba. Idan za ki auna namiji wata rana, ga ma'auni. Nasihar samari ke nan, na gama ta.

Da muka dawo na je wurin Malam Yohanna, bakanikenmu mutumin Kagoro, wanda ya yi koyon aiki a Rasha kafin ya zo nan. Na ba shi labarin duka, amma na ce wata ƙawata ce.

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Hajiya, ƙawar nan taki, ita ma tsayinku ɗaya?"

Na ce ban auna ba.

Ya ce, "To ki gaya mata fowil na tashi ne da hawa. Ba ya tsayar da mota. Ƙaramar motar da ta raina, ita ma birki huɗu gare ta, kuma ba ta ɗauke da nauyin jif. Mai nauyi ya fi wuyar tsayawa, mai tsayi ya fi saurin tangaɗi a kwana. Jif tana sa mutum ya ji titin ya fi yadda yake kyau, shi ne haɗarinta."

Na tambaye shi maɓallin.

"Wannan maɓallin da ta kashe, shi ne mai hankalin motar. Yana jin taya ta fara sulɓi kafin ƙawarki ta ji. Sai ya rage wa inji ƙarfi, ya taɓa birkin taya ɗaya, ya daidaita motar. Mutum ƙafa ɗaya yake taka birki da ita, tayoyi huɗu su kama tare. Shi kuwa ɗaya bayan ɗaya yake kamawa. A rairayi yana hana ki tafiya, shi ya sa kuke kashe shi. A ƙanƙara shi ne ɗan'uwanki."

"Karkarwar birkin fa?"

Ya yi dariya har sai da ya dafa motar. "Aikinsa ke nan. ABS ne. Yana kamawa yana saki da sauri don kada taya ta kulle, don sitiyari ya ci gaba da jin magana. Idan ya fara rawa, ta danne shi da ƙarfi, ta bar shi ya yi rawarsa, ta dubi inda take son zuwa ta juya can. Ita kuma sai ta ɗaga ƙafa lokacin da ya fara taimakonta." Ya miƙo mini makulli ya ce, "A gaishe ta. A ce mata Yesu ya tsare, ko kuma yadda kuke faɗa."

Na ce za ta ji.

Don kada ki ce na ɓoye rabin gaskiya: akwai lokaci ɗaya da ake kashe maɓallin a can. Idan kin maƙale a dusa mai zurfi, mota a tsaye, tayoyi suna buƙatar su ɗan juya don ki fita, ki kashe, ki yi gaba kaɗan, baya kaɗan, har ki fita. Kina hawa titi ki mayar. Iskar taya kuwa akasin abin da na koya miki ne. Sanyi da kansa yake rage ta, don haka aikinki ƙari ne. Lambar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba.

Duk da haka ki sayi jif ɗin. Kin ce asibitin yana wajen gari, hanyar ta ratsa gonaki, kuma wasu ranakun za ki fita kafin motar share titi ta wuce. A nan tsayin cikinta daga ƙasa zai yi miki rana, fowil ɗin kuma zai fitar da ke daga ƙofar gida, ya hau da ke gangaren da ƙananan motoci ke ja da baya. Yawancinsu yanzu suna da wurin da ake murɗawa a zaɓi tuƙin dusar ƙanƙara, kusa da na rairayi da kika sani. Idan kin zaɓe shi motar takan tashi a hankali ko da ƙafarki ta yi gaggawa, kuma ƙafar gidanmu tana da gaggawa. Akwai kuma maɓallin da ke saukar da mota gangare da kansa, wanda muke kunnawa a duwatsun Hatta. Da na tuna da shi a Jojiya, da wataƙila kin rasa tauraronki.

Kada ki ji kunyar kayan jin daɗi. Kujera mai ɗumi da sitiyari mai ɗumi a nan abin dariya ne, mun sha yi wa masu su ba'a. A can kayan aiki ne. Ni ranar nan cikin rigar sanyi mai kaurin katifa na yi tuƙi, da safar hannu ta ulu mai santsi, bel yana kan riga bai ma san inda jikina yake ba. Idan kujera tana ɗumama ki, za ki iya cire babbar rigar, bel ya kwanta a jikinki, yatsunki su ji sitiyari. Ki kakkaɓe dusar takalmi kafin ki shiga, kuma ki tattare bakin abaya daga wurin birki. Idan motar tana tashi daga nesa da makulli, ki tayar da ita ki gama karin kumallo, ki fito ki tarar gilashi ya narke. Amma a fili, ba a rufaffen gareji ba. Idan kin ga wata igiyar lantarki tana leƙowa daga hancin motar, ba lalacewa ba ce, ta ɗumama inji ce, maƙwabta za su nuna miki inda ake sokawa.

Akwai wadda nake so ki yi wa rowa: na'urar da ke riƙe gudu ta bar ƙafa ta huta. Ni da ita mun shekara ashirin muna zuwa Jebel Ali, ba mu taɓa saɓawa ba. A kan santsi kada ki ba ta mota. Kyamarori da masu ƙara idan an matso kusa, su ma taɓo da gishiri kan makantar da su, ki riƙa goge su, kuma ki riƙa waiwaya da wuyanki. Gada takan daskare kafin titi, inuwa kafin sarari. Kwalta mai baƙi da ƙyalli, kin riga kin ji labarinta. Tazarar da kike bari tsakaninki da na gaba a nan, wadda ko kyanwa ba za ta ratsa ba, ki ninka ta har sai kin ji kunya, sannan ki ƙara.

Ke gajera ce, daga wurina kika samo, jif kuma doguwa. Dusar da ta taru a samanta ba za ki gan ta ba, amma tana nan, kuma birkin farko za ta zubo ta rufe miki gilashi. Ki share ta duka. Kada tankin mai ya sauka ƙasa da rabi. Ki bar bargo a but, da dabino, da tocila, da shebur. Shebur ne kaɗai kayan rairayi da na yarda ya bi ki. Idan Allah Ya ƙaddara kika maƙale a hanya, ki zauna cikin motar ki kira taimako, kuma kafin ki kunna inji don ɗumi ki fita ki tabbata dusa ba ta toshe salansa ba. Ke mai ilimin magani ce, ba sai na gaya miki abin da hayaƙin nan yake yi wa mai barci ba.

Ranar da mutanen garin suka ce hanya ba ta biyuwa, ki yarda da su, ko da motarki ta fi tasu. Mutumin wurin haya ya gaya mini gaskiya da Turancinsa guntu-guntu, ni kuma na ji kuskuren Turancin ban ji gaskiyar ba. Makaranta ta koya mini abubuwa da yawa, wannan rainin ma a makarantar na koyo shi.

Yanzu ki duba aljihun gefe na akwatin. Na san kin sa abin rage iskar nan na tagulla a ciki, wanda na ba ki ranar da kika samu lasin. Na cire shi. Shi ne dai na Jojiya, ban taɓa gaya miki ba. Yana aljihun motata, yana jiran ki zo hutu mu fita Hatta, inda yake da gaskiya. Gejin awon iskar taya na bar miki. A wurin tagullar na sa makankarin gilashi mai dogon hannu da burushi a ɗaya bakin. Na zagaye kantunan Bur Dubai ban samu ba, sai ta waya na yi oda. Wanda ya kawo ya dubi kwalin, ya dube ni, ya dubi rana, ya ce in sa hannu.

Takardarki ta makaranta tana nan a wurina, cikin fayil ɗin takardun haihuwa. Tauraron naki ne, rubutun ya yi kyau. Labarin ne aka ba ki ba daidai ba, kuma na bar shi haka shekara goma sha bakwai saboda yana yi mini daɗi. Na fi son ki rage ganin girmana a tuƙi, ki riƙa isa gida.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da dusar farko ta kwanta, ki sami mai koyar da tuƙi ɗan garin, ku je fili babba da babu motoci. Ki taka birki har ya yi karkarwar nan, ki danne, kada ki ɗaga. Ki maimaita har ƙafarki ta manta da ni. Sannan ki kira ki gaya mini yadda ake ji idan an riƙe shi har mota ta tsaya, domin ni ban taɓa kai wa nan ba.

Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya riƙe miki abin da taya ba ta iya riƙewa, Ya dawo mana da ke lafiya. Abbanki yana gaishe ki. Bai san na rubuta wannan ba, kuma idan kin kira shi, ki tambaye shi hular.

Wassalam.

Mamanki